Ƙarfin Mace, Na Waye?

Akwai wata tambaya da na daɗe ina juyawa a raina, yau kuma nake so in ajiye ta a gaban mai karatu mu duba ta tare. Me ya sa ake yaba ƙarfin mace muddin tana kashe shi a hidimar wasu, amma a tsargu da zarar ta ce za ta gina shi don amfanin jikinta? Mace ta ɗora buhun albasa a ka ta kai bakin kogi, sai a ce mata sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Wannan macen dai, da za ta ɗaga ƙarfe mai rabin nauyin buhun nan a tsakar gidanta da niyyar lafiya, da an ce ta fita daga sahun mata, ko a ce wani abu ya taɓa ta. Nauyi ɗaya ne, jiki ɗaya ne. Abin da ya bambanta kawai shi ne wanda zai ci moriyar.

Ni 'yar Tumbutu ce. Kada mai karatu ya kai hankalinsa Mali, tamu tana arewacin Jamhuriyar Benin, a ƙarƙashin Malanbil ta jihar Alibori, inda kogin Kwara ya raba mu da Gaya ta Nijar. Ƙasa ce ta shinkafa da albasa da kifi, ta Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, kasuwar Malanbil kuwa tana cikin manyan kasuwannin ƙasar. A nan babu mai buƙatar a ba shi labarin ƙarfin mace, don da idonsa yake gani. Ita ke dashen shinkafa a sunkuye tun hantsi har azahar. Ita ke turara shinkafar, ta shanya, ta kwashe. Ita ke ɗebo ruwa a bido mai lita 25, wanda 'yan Najeriya ke kira jarka, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga kilo 25 ke nan a ka, wani lokaci ga goyo a baya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, mutane da kaya suka koma jiragen ruwa. Duk abin da mota ta saba tsallakarwa sai da ya bi ta wuyan mutum daga titi zuwa gaɓa, kuma cikin masu wuyan nan akwai mata da yawa.

Masana ma sun auna wannan ƙarfin. A 1986 an wallafa wani bincike a kan matan Luo da Kikuyu na Kenya, aka gano suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka ba tare da jikin ya ƙara kashe kuzari fiye da na tafiya hannu rabbana ba, kuma sukan ɗauki har kashi 70. A 2017 kuma masu bincike na Jami'ar Kambirij da ke Ingila suka gwada ƙasusuwan matan farkon zamanin noma a Turai da na 'yan matan da ke gasar tuƙa jirgin ruwa a jami'ar. Ƙashin damtsen matan dā ya fi na 'yan wasan ƙarfi da kashi 11 zuwa 16 cikin 100, kuma daga cikin dalilan da aka kawo har da niƙa hatsi a kan dutse. Duk wadda ta taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa, ko ta yi lugude da taɓarya, ba za ta yi mamaki ba.

To, a nan ne wani zai ce magana ta ƙare: matan da ke wannan aiki me ya haɗa su da motsa jiki? Na taɓa yi wa goggona zancen, sai ta yi dariya ta ce, “Ke 'yar nan, ni da nake kwana da ciwon ƙugu saboda aiki, wani aikin za ki ƙaro mini?” Na ce, “Goggo, ai ciwon ƙugun ne ya sa na kawo maganar.” Maganarta tana da nauyi, kuma ita ce ta sa na fahimci cewa wahala daban, horon jiki daban, ko da yake dukansu suna fitar da zufa.

Ga yadda jiki ke gina ƙarfi. Idan aka ɗora wa tsoka nauyin da ya ɗan fi abin da ta saba, sai ta gaji. Idan ta samu abinci mai gina jiki da barci da hutun kwana ɗaya ko biyu, sai ta gyara kanta ta dawo da ɗan ƙari a kan yadda take. Abu uku ke nan: nauyi da aka auna, abinci, hutu. Kamar duwatsun murhu ne, in aka cire ɗaya tukunya ta kife. Macen fadama tana da nauyin, har ya yi yawa, amma ba ita ke auna shi ba, buƙatar gida ce ke aunawa. Motsi iri ɗaya take maimaitawa sa'o'i da yawa, a sunkuye, da gaɓoɓi iri ɗaya, wasu tsokokin suna shan azaba wasu suna kwance. Hutu kuwa babu, don gobe ma haka za a yi. Wani masani mai suna Andreas Holtermann ya yi fice wajen nuna wannan: aikin ƙarfi na neman abinci, na tsawon yini, ba ya ba jiki irin amfanin da motsa jiki na ɗan lokaci da aka tsara yake bayarwa. Shi ya sa za ka ga mace mai ɗaukar daro cike da kaya tana da shekara 35, amma kafin ta kai 55 baya ya ranƙwafe, gwiwa ta ƙi. An ci ƙarfinta ba a mayar mata ba.

Akwai kuma kashi na biyu na mata, kuma kullum yawansu ƙaruwa yake. Injin niƙa ya zo ya karɓi aikin dutse da turmi. Famfo da masu tura ruwa sun karɓi aikin tulu. Ɗan kabu-kabu ya karɓi aikin ƙafa. Duk wannan alheri ne, ba wadda za ta so a koma baya. Sai dai aikin ya tafi da abin da yake ba jiki, ba a kawo madadinsa ba. Matar da ke kulle, da mai zama a shago daga safe zuwa dare, da malamar makaranta, da ma'aikaciyar ofis, duk jikinsu ya daina ɗaukar nauyi. Mu kuma muka ɗauki wannan a matsayin daraja. Muna cewa wance ta samu hutu, ta yi ƙiba, ko tsinke ba ta ɗagawa. Miji yana alfahari da haka, uwa tana yi wa 'yarta fatan haka. Ban ga laifinsu ba, don wanda ya ga uwarsa ta ƙare a wahala dole ya so wa matarsa akasin haka. Amma jiki bai san daraja ba. Abin da ba a amfani da shi, janye shi yake yi.

Likitoci sun ƙiyasta cewa daga shekara 30 tsokar jikin mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Tsoka kuwa amfaninta ya wuce ɗaukar kaya. Ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci. Idan ta ragu kuma ba ta aiki, sukari ya rasa inda zai shiga, hanyar ciwon suga ta buɗe. A garin da abincin yau da gobe shinkafa ne da tuwo da fura mai sukari, wannan magana ce da ta shafi kowane gida.

Sai ƙashi, wanda a nan ne mace ta fi namiji shiga haɗari. Ƙashi abu ne mai rai, yana rushewa yana ginuwa kullum. Tun 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙarfi gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Mutum yana gama tara ƙarfin ƙashinsa a wajajen shekara 30. Mace kuma idan al'ada ta ɗauke mata, sinadarin estrojin da ke kare ƙashinta yana faɗuwa, ƙashin ya riƙa zaizayewa da sauri a shekarun da suka biyo baya. Ba ciwo, ba alama, sai ranar da ta zame a bakin rijiya ko a makewayi, ƙashin ƙugu ya karye. Mun san tsofaffin da wannan faɗuwar ta kwantar, ba su sake tashi ba. Mukan ce tsufa ne. Tsufa ne, amma da sakaci a ciki.

Abin daɗin shi ne an gwada an ga ana iya tare wannan. A 1994 Miriam Nelson da abokan aikinta na Jami'ar Tufts a Amurka suka ɗauki mata 40 masu shekara 50 zuwa 70, rabi suna ɗaga nauyi sau biyu a mako har shekara guda, rabi ba sa yi. Masu yi, ƙashin ƙugunsu da na bayansu ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100, waɗanda ba sa yi nasu ya ragu da kusan kashi 2. Kafin nan, a 1990, Maria Fiatarone ta gwada tsofaffi goma, maza da mata, masu shekara 86 zuwa 96, a wani gidan kula da tsofaffi a Boston. Bayan mako takwas kacal, ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya kusa ninka uku. Mai shekara 90 ke nan. Saboda irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce kowane baligi, namiji da mace, ya riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da na daidaita tsayuwa kwana uku a mako don gudun faɗuwa.

Bari in mayar da waɗannan alƙaluma harshen gida. Ƙarfin ƙafa shi ne tsohuwa ta tashi daga tabarma ba sai ta kira jika ya ɗaga ta ba. Shi ne ta yi ruku'u da sujada ta miƙe, ta ci gaba da sallarta a tsaye kamar yadda ta saba tun ƙuruciya. Shi ne ta shiga makewayi ita kaɗai, ta tsuguna, ta tashi, ta yi tsarkinta, ba tare da suruka ta riƙe ta ba. Duk wadda ta yi jinyar tsohuwa ta san abin da ya fi ci mata rai: a ga tsiraicinta, a ɗauke ta kamar jaririya, ta zama nauyi ga waɗanda ta goya. Mu da muke roƙon rufin asiri safe da yamma, ya kamata mu gane cewa wani sashe na rufin asirin tsufa a cinya da gadon baya yake, kuma tun ana da shekara 30 ko 40 ake tara shi.

Na san ƙorafe-ƙorafen da ake yi, kuma ba zan raina su ba. Na farko, wai mace za ta koma kamar namiji, ta yi ƙwanji, ta rasa laushinta. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji, wato testosteron, ya ninka na mace fiye da sau goma. Mace mai ɗaga nauyi sau biyu a mako ƙarfi za ta yi, jikinta ya ɗaure, tafiyarta ta miƙe. Kakanninmu da suka yi shekara hamsin suna daka ba su koma maza ba.

Na biyu, kunya da sutura. Wannan ƙorafi ne a kan wuri da shiga, kuma yana da sauƙin warwarewa. Ba dole sai an je gidan motsa jiki an cakuɗu da maza ba, a Tumbutu ma ina aka ga irin wannan gidan? Tsakar gida ta isa, ɗaki ya isa, da zane da riga. Masu jingina hanin ga addini kuwa, ai sananne ne a ruwayar Abu Dawuda cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi, daga baya suka sake ya wuce ta. Miji ne da kansa ya gayyaci matarsa.

Na uku shi ne wanda ya fi gaskiya: tsoron saukar mahaifa da ciwon baya. Tabbas ɗaukar kaya mai nauyi kullum, musamman ga wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, yana cikin abubuwan da ke kawo wannan matsala. Amma a duba wa take samu. Wadda ta koma ɗaukar bido da itace tun jikinta bai koma ba, don babu mai karɓar mata. Nauyin da aka fara da kaɗan, aka ƙara sannu a hankali, ana numfashi daidai, yana ƙarfafa baya da mara ne. Mai ciki da mai jego da mai hawan jini su fara tuntuɓar likita ko ungozoma, wannan wajibi ne. Sauran kuwa, haɗarin zama ya fi na motsi.

Idan ana irin wannan zance akan kawo sunan Sarauniya Amina ta Zazzau, da Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, da mayaƙan mata na Dahome waɗanda aka kafa wa mutum-mutumi mai tsayin mita 30 a Kwatano a 2022, da Ruth Ogbeifo ta Najeriya da ta ci azurfa a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, shekarar farko da aka bar mata suka shiga wannan wasa. Ina girmama su duka, amma hujjata ba ta tsaya a kansu ba. Waɗannan ma ƙarfinsu ƙasa ya yi wa aiki, shi ya sa yabonsu bai yi wa kowa wuya ba. Wadda nake wa magana ba za ta ci lamba ba, ba za a kafa mata mutum-mutumi ba. So take kawai ta kai shekara 70 tana ɗaukar butarta da kanta. Ina ganin wannan dalili ya isa, ba sai ta nemi wani ba.

Nan ne maganar ta bar hannun likita ta dawo kan adalci. Na ce ƙarfi yana buƙatar nauyi da abinci da hutu. Nauyi kyauta ne. Abinci da hutu kuwa a gidajenmu rabo ake yi, kuma mun san yadda ake rabon. Tsokar nama da tsakiyar kifi kwanon maigida suke tafiya, yara su samu abin da ya saura, uwa ta tsotsi ƙashi ta ce ta ƙoshi. Sau da yawa ita da kanta take yin wannan rabon, don haka ta ga uwarta ta yi. Alhali ita ke jinin wata, ita ke ɗaukar ciki, ita ke shayarwa. Abin da jikinta ke nema kuma ba daga waje ake kawo shi ba: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, nono da wagashin Fulani, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, miyar kuka. Duk suna kasuwar Malanbil. Hutu ma haka. Namiji ya dawo daga gona ya zauna a majalisa, matar da suka dawo tare ta ɗora tukunya. Wanda ya ce yana son lafiyar matarsa, ga inda zai nuna: ya duba kwanonta, ya sa samarin gida su ɗebo ruwa, ya bar mata rabin sa'a da babu mai kiranta, kuma kada ya yi dariya in ya gan ta tana tsugunawa tana tashi.

Mu mata ma da namu. Yawancin dariyar da ke hana mace farawa daga bakin mace take fitowa, kishiya ko maƙwabciya ko uwar miji. In muna iya haɗuwa mu yi adashi na kuɗi duk mako, muna iya haɗuwa mu huɗu ko biyar a gida ɗaya mu yi na jiki.

Abin yin ba shi da wuya. Ki zauna a kan kujera ki tashi ba tare da kin dafa ba, sau takwas zuwa goma sha biyu, ki huta, ki sake. Ki dafa bango da tafuka biyu ki kai ƙirji kusa da shi ki ture. Ki ɗauki gora mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu ki ɗaga sama da kai. Ki ɗaga bido mai lita 5 daga ƙasa da lanƙwasa gwiwa da ƙugu, bayanki a miƙe, kayan kusa da jiki. Ki kwanta rigingine ki ɗaga ƙugu sama ki sauke. Ki tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango gwargwadon iyawarki. Minti 20 zuwa 30, kwana biyu a mako, da hutu a tsakani. Idan ya yi sauƙi ki ƙara ruwa a bidon, don ƙarin nan shi ne sirrin abin. Gajiyar tsoka ba komai, amma zafi mai suka a gaɓa alama ce ta a dakata. Ita kuwa 'yar'uwata ta fadama, abin da ta fi buƙata shi ne ta koyi ɗaga kaya da ƙafa maimakon baya, ta raba kaya biyu in da hali, ta ƙarfafa baya da ciki da ɗan motsi kaɗan, ta ci, ta huta.

To, ƙarfin mace na waye? 'Ya'yanta suna da rabo a ciki, mijinta yana da rabo, iyayenta ma haka, kuma ban taɓa ganin macen da ta ƙi bayarwa ba. Amma kafin ya zama na kowa, amana ce da aka damƙa mata, ita za ta zauna a cikin jikin nan har ƙarshen kwananta, bayan 'ya'ya sun watse gidajensu. Manomin Tumbutu ya san gonar da ake nomawa kowace shekara ba taki ba hutu, ƙarshenta ƙin bayarwa take yi, kuma ba wanda ke zagin manomi don ya kai taki gonarsa. Abin da nake roƙo shi ne a yi wa mace irin wannan adalcin, ita ma ta yi wa kanta. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu tsufa da ƙafafunmu.